Daga Gafaka Zuwa Allon Waya: Aikin da Ke Saura Bayan An Ɗauki Hoton Tsofaffin Littattafai

Ranar Asabar, 28 ga Oktoban 2023, ma'aikatan babban ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya da ke Landan suka wayi gari kwamfutocinsu sun daina aiki. Wani gungun masu kutse da ake kira Rhysida ne ya shiga na'urorin gidan, ya kwashe bayanai kimanin gigabait 600, ya kulle abin da ya rage, sannan ya nemi a biya shi kuɗin fansa bitcoin 20, wanda a lokacin ya kai kusan fam 600,000. Hukumar ɗakin karatun ta ƙi biya, su kuwa suka watsa abin da suka sace. Ba a taɓa littafi ko ɗaya a kan kanta ba, domin abubuwa sama da miliyan 170 da gidan yake taƙama da su suna nan inda aka ajiye su, amma fihirisar da ke nuna wurin kowane littafi ta tafi, kuma ba a iya dawo da ita a intanet ba sai a tsakiyar Janairun 2024, shi ma don dubawa kawai. Hotunan tsofaffin rubuce-rubucen hannu da aka kwashe shekaru ana ɗauka sun ɓace daga idon masu nazari na tsawon watanni, haka ma rumbun kundayen digirin digirgir na jami'o'in Birtaniya, wanda ɗalibanmu da yawa suke dogara da shi.

A watan Maris na 2024 hukumar ta fitar da rahoto kan abin da ya faru, kuma ta yi abin a yaba, domin ba ta ɓoye laifinta ba. Rahoton ya nuna cewa ana kyautata zaton ɓarayin sun shigo ne ta wata ƙofa da aka buɗe wa ma'aikata da 'yan kwangila don su riƙa aiki daga nesa, wadda kalmar sirri kaɗai take nema ba tare da mataki na biyu na tabbatar da mai shiga ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayanin dalilin da ya sa gyara ya ɗauki lokaci mai tsawo. Gidan yana da kwafin bayanansa a ajiye, sai dai manhajojin da ke karanta bayanan sun tsufa, wasu kamfanonin da suka yi su sun daina kula da su, wasu kuma ba sa iya aiki a kan sababbin na'urori masu tsaro. Kaya suna nan, amma mabuɗin ɗakin ya karye, kuma maƙerin da ya ƙera shi ya daɗe da barin sana'a.

Na kawo wannan labari ne saboda wata magana da ta zama ruwan dare a tarurrukanmu na masana da jami'an gwamnati, wato cewa maganin lalacewar tsofaffin takardunmu shi ne a mayar da su na zamani a sa a intanet. Maganar tana da gaskiya a cikinta, amma yadda ake faɗinta yakan sa mai sauraro ya ɗauka cewa aiki ne na sau ɗaya: a sayi kyamara, a ɗauki hoto, a buɗe shafi, a yi bikin ƙaddamarwa, shi ke nan. A ganina ɗaukar hoto shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin aikin. Wahalar tana wajen bayyana abin da aka ɗauka yadda za a iya nemo shi, da koya wa na'ura haruffanmu, da kuma riƙe abin da rai shekara bayan shekara bayan kuɗin tallafi ya ƙare.

Dukiyar da ake magana a kanta ba ƙarama ba ce. A Kaduna akwai reshen ma'adanar tarihi ta ƙasa, inda fayilolin mulkin mallaka na lardunan Arewa suke, waɗanda masu bincike suka sani da lambobinsu irin su SNP da KANOPROF da SOKPROF, tare da ɗimbin rubuce-rubucen Larabci. A garin dai akwai Arewa House, wadda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna. A Sakkwato akwai hukumar tarihi da al'adu mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu, a Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, a Zariya akwai tarin da Jami'ar Ahmadu Bello ta yi, a Yamai kuma cibiyar binciken IRSH tana riƙe da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda masanin tarihin Nijar Bubu Hama ya faro tarawa. Duk da haka, abin da ke hannun gidajen malamai da zuri'ar alƙalai da limamai, cikin gafaka da akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gado, bai shiga lissafin kowace hukuma ba.

Ba na jayayya da cewa ɗaukar hoton waɗannan takardu wajibi ne, kuma da gaggawa. Gara da kyankyaso da danshin damina suna cin rabonsu kowace shekara, gobara kuwa dare ɗaya take gamawa. Ɗakin karatun Jami'ar Jos ya ƙone a Oktoban 2016, kuma a Afrilun 2021 wutar daji ta cinye babban sashe na tarin nazarin Afirka a Jami'ar Cape Town. A Timbuktu, lokacin da 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, iyalai da masu kula da ɗakunan karatu, ƙarƙashin jagorancin Abdulƙadir Haidara, sun yi ta fitar da rubuce-rubuce a ɓoye cikin akwatuna, a motoci da jiragen kwale-kwale, zuwa Bamako, har adadin ya kai wajen 350,000 a ƙiyasin da aka fi ambata. Waɗanda suka rage a sabon ginin cibiyar Ahmad Baba, kimanin 4,000 daga ciki aka ƙone ko aka yi awon gaba da su a Janairun 2013. Bayan haka ne wata cibiya ta jihar Minnesota a Amurka, HMML, ta haɗa hannu da ƙungiyar SAVAMA ta Mali aka ɗauki hoton rubuce-rubuce sama da 200,000, sannan a 2022 kamfanin Google ya baje shafuka fiye da 40,000 a intanet. Wannan babban aiki ne, kuma duk wanda ya san abin da aka tsallake zai gode wa waɗanda suka yi shi.

To amma a zauna kusa da mai ɗaukar hoton a ga abin da ke gabansa. Littattafan ƙasarmu galibi ba a ɗinke suke ba. Warwara ce, takarda bisa takarda, an sa su tsakanin tadarishi an ɗaure da igiyar fata, kuma yawanci babu lambar shafi. Abin da ke haɗa takarda da 'yar'uwarta shi ne kalma ɗaya da magatakarda yake rubutawa a kusurwar ƙasa, wadda ita ce kalmar farko ta shafin da ke biye. Idan littafi ya yi shekara ɗari yana yawo tsakanin almajirai, to da wuya a same shi a jere, kuma sau da yawa a cikin ɗauri guda za a tarar da rabin littafin fiƙihu, da waƙar wa'azi da Fulatanci, da wasiƙar wani alƙali, da takardar rabon gado. Ma'aikacin da ba ya karanta rubutun zai ɗauke su yadda ya same su, ya ba su suna ɗaya da lamba ɗaya, ruɗanin da ke cikin gafaka ya koma cikin kwamfuta, inda ya fi wuyar warwarewa tunda babu takardar da za a juya a kwatanta. Akwai kuma abin da hoto na yau da kullum ba ya kamawa. Idan aka ɗaga irin wannan takarda a hasken rana za a ga tambari a cikin jikinta, sau da yawa jinjirin wata uku a jere, alamar takardar da aka yi a masana'antun arewacin Italiya aka ratso Sahara da ita. Da wannan tambari masana suke ƙiyasta zamanin da aka kwafi littafi, kuma ba ya fita a hoto sai an haska takardar ta baya da gangan.

Daga nan sai fihirisa, wadda ita ce zuciyar aikin. Hoton da ba a rubuta sunan littafi da na mawallafi da harshe da fanni a jikinsa ba, babu wanda zai same shi, ko da kuwa yana intanet. Tun a shekarun 1960 Henriette Avram ta tsara wa ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka hanyar da kwamfuta za ta riƙa karanta bayanan littafi, wadda ake kira MARC, kuma har yau a kanta yawancin ɗakunan karatu na duniya suke tafiya. Sai dai an gina ta ne a kan littafin ɗab'i, mai shafin take da sunan maɗaba'a da shekara. Rubutun hannu na ƙasarmu yakan fara da basmala da salati, sunan mawallafi ya zo a tsakiyar jimla ko kuma a rasa shi gaba ɗaya, sunan da ke ƙarshe kuwa na wanda ya kwafa ne. Mutum ɗaya ma yakan zo da sunaye da yawa. Wanda muke kira Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littattafan Larabci Usman bin Fudi ne, a na Turanci Uthman dan Fodio, a na Faransanci Ousmane dan Fodio. Idan ba a yi rajista guda da za ta shaida wa na'ura cewa duk mutum ɗaya ne ba, mai nema zai ga kashi ɗaya na ayyukansa ya ɗauka ya ga duka. Jagororin da ake da su, kamar babban kundin da John Hunwick ya fitar a 1995 kan marubutan Larabci na wannan yanki, sun taimaka ƙwarai, amma sun fi ƙarfi a kan sanannun malamai, ba a kan dubban mawaƙan ajami da ba a san su a wajen garuruwansu ba.

Ga wani misali da nake ganin ya isa ya nuna irin ilimin da aikin yake bukata. Mawaƙanmu na dā sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalma wadda idan aka haɗa lissafin haruffanta sai ta ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar. Lissafin da ake bi a nan na Magariba ne, inda harafin shinun yake daidai da 1000. A lissafin ƙasashen Gabas kuwa shinun 300 ne. Saboda haka ƙwararren ma'aikacin fihirisa da ya yi karatunsa a tsarin Gabas, ko manhajar da aka gina a kan wannan tsari, za su iya mayar da waƙar ƙarni na goma sha uku na Hijira baya da shekara ɗari bakwai, alhali tsohon malamin zaure zai warware ramzin kafin a gama karanta baitin. Irin waɗannan malamai su ne ya kamata a zaunar kusa da mai kwamfuta a biya su haƙƙinsu, amma a kasafin ayyuka da yawa kuɗin kyamara da na taron bita sukan sami gurbi, na malamin ya rasa.

Matsalar haruffa ta shafi boko da ajami duka. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya daɗe da sanin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, amma masu shigar da bayanai da yawa ba su da su a allon rubutunsu, don haka wani ya rubuta ƙasa, wani kasa, wani k'asa, kuma a wurin na'ura kalmomi uku ne dabam. A Nijar ana rubuta ƴaƴa, a Najeriya 'ya'ya. Wannan aikin mai gina shafi ne ya warware shi, ta hanyar tsara injin nema yadda zai ajiye rubutun daidai da ƙa'idarsa, amma a lokacin nema ya ɗauki k da ƙ a matsayin 'yan gida ɗaya, ya kuma fifita wanda ya dace da abin da aka rubuta. Ba abu ne mai wuya ba ga wanda ya san aikinsa, sai dai manhajojin da ake saukowa da su ba sa zuwa da shi a shirye, kuma ɗan kwangilar da ba ya jin Hausa ba zai ma lura da giɓin ba. A ɓangaren ajami, rubutunmu na Warshu yana sa wa fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama, ga ɗigon imala da ke ba da wasalin e. An ƙara irin waɗannan haruffa a Unicode a hankali, har an sami salon rubutun kwamfuta mai suna Alkalami da aka zana bisa hannun Kano. Duk da wannan ci gaba, manhajar karanta hoto da aka horar da littattafan ɗab'in Masar da Labanan za ta ga ƙafun ɗinmu ta kira shi fa'un.

Ana yawan cewa ƙirƙirarriyar basira za ta ɗauke mana wannan nauyi. Gaskiya ne akwai manhajoji irin su Transkribus da eScriptorium da ke koyon karanta rubutun hannu, amma suna koyo ne daga shafukan da mutum ya riga ya kwafe layi bayan layi ba tare da kuskure ba. Ajamin Hausa kuwa bai taɓa samun daidaitacciyar ƙa'ida ɗaya ba, hannun Sakkwato dabam, na Kano dabam, na Barno dabam. Aikin da Farfesa Fallou Ngom ya jagoranta a Jami'ar Boston, inda aka tara rubuce-rubucen ajami na Hausa da Wolof da Mandinka da Fulatanci, aka kuma mayar da wasu zuwa boko tare da fassara, irinsa ne ke samar da abin da na'ura za ta koya daga gare shi.

Sannan a tuna da wanda aka yi shafin dominsa. Mai karatu a Gusau ko Maraɗi da waya zai shiga, da datar da ya saya da kuɗin aljihunsa, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Hoton ajiya mai inganci na shafi ɗaya yakan kai megabait da dama, kuma shafin da ya tilasta masa sauke littafi sukutum kafin ya ga layin farko ya kore shi ke nan. Akwai ƙa'idar da manyan ɗakunan karatu suka haɗu suka tsara tun farkon shekarun 2010, wadda ake kira IIIF, da ke yanka hoto gutsi-gutsi ta aiko wa mai karatu iya wurin da yake dubawa, ya zuƙo kalma ɗaya ya ga har inda tawada ta malala. Wata fa'idarta ita ce tana ba da damar a jera kwafi biyu na littafi guda a allo ɗaya, ko da ɗaya yana Yamai ɗaya yana Landan, wanda shi ne abin da mai tahƙiƙin littafi yake yi wa doguwar tafiya a dā.

Batun daɗewa shi ne ya fi damuna. A 1986 gidan rediyon BBC ya yi wani gagarumin aiki na tattara hotuna da bayanan rayuwar Birtaniya a kan faifan zamani na lokacin, don tunawa da cikar shekara 900 na wani kundin ƙidayar filaye da aka rubuta a fata a 1086. Kafin a cika shekara ashirin sai da aka tashi masana na musamman don ceto abin da ke cikin faifan, saboda na'urorin da ke karanta shi sun ƙare, alhali kundin fatar yana nan ana karanta shi. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya gano cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan intanet da ke akwai a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Ni kaina na taɓa bin sawun wani tarin rubuce-rubuce da aka ɗauki hotonsu da kuɗin tallafi, na tarar adireshin shafin ya mutu saboda ba a sabunta kuɗinsa na shekara ba. Da na je gidan da kaina, aka nuna mini faifan ajiya guda ɗaya a cikin durowa, aka ce wanda ya san kalmar sirrinsa an yi masa canjin wurin aiki. Na fito raina a ɓace, domin na san wasu daga takardun da ke cikin wannan faifai an mayar wa masu su, kuma babu tabbacin suna nan har yanzu.

Abin da ke hana irin wannan sananne ne a wurin masu sana'ar. Ana ajiye kwafi aƙalla uku a wurare mabambanta, ana ba kowane fayil wata lambar shaida da ake lissafawa daga abin da ke cikinsa, a riƙa sake lissafin lokaci-lokaci don a gane ko ya fara lalacewa, ana sauya faifai kafin ya mutu, ana kuma ba kowane littafi adireshi na dindindin da ba zai canza ba ko an sake ginin shafi. Manhajojin ma akwai na kyauta: Koha, wadda aka fara a New Zealand a 1999 don tafiyar da fihirisa da aron littafi, da DSpace ta adana takardu da kundaye a intanet, wadda ta fito daga jami'ar MIT ta Amurka a 2002, kuma jami'o'inmu da dama suna amfani da su. Sai dai kyautar ta tsaya ne a kan lasisi. Wutar lantarki ko sola, da kuɗin intanet, da albashin ma'aikacin da zai riƙa sabunta manhajar yana toshe ƙofofin kutse, duk kuɗi ne da ake bukata kowace shekara, kuma su ne tallafin shekara biyu ba ya biya. Matashin da ya ƙware a wannan aiki kuwa, banki ko kamfanin sadarwa na jiransa da albashin da ɗakin karatu ba zai iya ba shi ba.

Saura tambayar wa ke riƙe da kwafin, da kuma wa ya yarda a nuna shi. Shirin ceton takardun da ke cikin haɗari, wanda ɗakin karatun Birtaniya yake gudanarwa tun 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia, kuma ya yi ayyuka a arewacin Najeriya, yana da sharaɗi mai kyau: asalin takarda ba ya barin ƙasarsa, ana ajiye kwafi ɗaya a wata cibiya ta gida, ɗaya a Landan, a kuma buɗe wa kowa kyauta. Amma buɗe wa kowa yana bukatar a yi wa mai littafi bayani da harshen da yake ji, domin cikin gafakar malami akwai laƙani da sirrin gida da takardun shari'ar mutanen da jikokinsu ke raye, kuma yana da haƙƙin ya ce wannan a nuna, wannan a ajiye kawai. Kwafin gida kuma, wanda sau da yawa ake ɗaukarsa kamar cika sharaɗi, harin 2023 ya nuna cewa wata rana shi za a nema. Idan na Landan ya ɗauke na wata shida ko shekara, ɗalibin da ke rubuta kundinsa a Sakkwato zai juya ne ga cibiyar da aka bar wa amana a Kaduna ko Kano ko Yamai, ya tambayi ma'aikacin da ke kan tebur ko faifan yana buɗewa, ko kuma akwai fihirisar da za ta kai shi ga waƙar da yake nema.